Dinari, Kuɗi Mai Fuskar Kaisar

Dukanmu mun san labarin nan na Matiyu sura 22, inda aka tambayi Yesu ko daidai ne a biya Kaisar haraji, shi kuwa ya ce a nuna masa kuɗin. Dinari suka miƙa masa. To, wane irin kuɗi ne wannan?

Dinari ɗan ƙaramin kuɗi ne na azurfa, nauyinsa bai cika giram 4 ba a lokacin, amma ladan ma'aikaci ne na yini guda. Romawa sun fara buga shi wajen shekara 211 kafin haihuwar Almasihu. Da farko surorin allolinsu da na kakanninsu suke sawa. A shekara 44 kafin haihuwar Almasihu ne Yuliyas Kaisar ya sa tasa fuska yana da rai, sarakunan baya kuma suka bi sahu.

Mu tuna babu rediyo, babu jarida. Talakan Yahudiya bai taɓa ganin Roma ba, amma ya san fuskar mai mulkinsa, domin tana cikin jakarsa. Kuɗin shi ne sanƙiran sarki. Ana jin dinarin Tibariyas aka nuna wa Yesu, wanda ya yi mulki daga shekara 14 zuwa 37. Rubutun da ya kewaye kansa ya kira shi ɗan Augustas, wanda Romawa suka mayar allah. A bayan kuɗin kuma an kira shi babban firist. Ga Bayahude mai tsoron Shari'ar Musa wannan saɓo ne, ga shi kuwa da shi yake biyan haraji. Nan tarkon tambayar yake.

A nan Sakkwato kakanninmu da wuri suka yi ciniki, ba fuskar kowa a kansa. Amma fatake sun kawo liyari, azurfa mai surar Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, da shekara 1780 a jikinsa. Daga baya Turawa suka zo da sule mai kan Sarkin Ingila.

Dinari kansa bai bar mu ba. Ku tambayi dattawan Dundaye yadda ake rubuta sisi kafin naira ta zo a 1973, za su ce 6d. Wannan d ɗin harafin farko ne na sunan dinari da Latin. Larabawa ma sun ari sunan suka ba kuɗinsu na zinariya, daga bakinsu kuma muka sami kalmar zinariya ita kanta.