Ƙarfe, itace da yumɓu: kayan aikin masu narka gilashi

A kasuwanninmu ana sayar da duwatsun wuya da mundaye na gilashi. Wasu daga Bida suke zuwa, garin Nufawa a Nijeriya. Can, a unguwar Masaga, maza suna narka tsofaffin kwalabe cikin murhun yumɓu, suna hura wuta da zugazugi.

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Gilashi kuwa sai zafi ya kai wajen digiri 1000 yake yin laushi kamar zuma. Hannu ba ya taɓa shi. Don haka kowane kayan aiki ana duba abu biyu gare shi: shin yana manne ma gilashi? Shin yana shanye masa zafi?

Ƙarfe

Gilashi yana manne ma ƙarfe mai zafi, amma ba ya kama mai sanyi. Shi ya sa maƙeri yake gasa bakin sandar ƙarfe kafin ya ɗebo gilashi da ita. Awartaki kuwa da sanyinsa ake aiki da shi, don kada ya manne. Sai dai ƙarfe mai sanyi ɓarawon zafi ne. Inda ya daɗe yana taɓawa, wurin yana daskarewa kafin sauran, ya bar tabo, wani lokaci ya tsage. Tsatsa ma tana shiga cikin gilashi ta ɓata shi. Jan ƙarfe da tagulla sun fi baƙin ƙarfe saurin shanye zafi.

Itace

A Turai ana mulmula gilashi cikin ludayin itace wanda ya kwana cikin ruwa. Da gilashi ya taɓa shi, sai tururi ya tashi tsakaninsu. Gilashin yana zamewa bisa tururin, ya fito sumul. Busasshen itace kuwa ƙonewa yake yi. Wasu har tsohuwar jarida suke ninkewa su jiƙa, su yi wannan aiki da ita.

Baƙin cikin fensir

Baƙin abin nan da ke cikin fensir, ana yin kayan aiki da irinsa. Gilashi ba ya manne masa, kuma yana jure wuta.

Yumɓu

A ƙasar Gana, mutanen Korobo suna daka kwalba ta zama gari. Suna zuba garin cikin ramukan yumɓu da aka shafa ma farar ƙasa, don kada dutsen ya manne. Suna soka tsinken ganyen rogo a tsakiya. Cikin wuta tsinken ya ƙone, ya bar kafar da zare zai bi.

Bayan aiki, dole gilashi ya huce sannu a hankali. In ya huce da gaggawa, waje ya daskare, ciki yana da zafi, sai ya fashe, wahalar yini ta tafi banza. Abin da ke fasa kofin gilashi mai sanyi ke nan in an zuba masa tafasasshen shayi.

Mai sayen munduwa ya ɗaga ta ga rana ya duba. In ya ga tsaga, ya aje ta, don wata rana za ta yanki hannun mai ita.