MASU FARAUTA DA KYAMARA DA TSUNTSAYEN DA KE ZUWA CIN RANI

Duk manomin da ke zaune a Tofa ya san shamuwa. Idan ta sauka a kan bishiyar gari, an san damina ta kusa. To, akwai wasu tsuntsayen da su kuma sai da kaka suke zuwa. Suna yin hunturu a fadamu da bakin madatsun ruwa irin na Watari, kafin ruwan farko ya sauka sun ɓace. Ina suke tafiya? Masu ɗaukar hoto suna cikin waɗanda suka taimaka aka san amsar.

Ƙasashen sanyi

A can arewacin duniya akwai ƙasashe irin su Rasha, da Finland, da Norway. Sanyinsu ba irin na hunturun Kano ba ne. Ruwan tafki yakan daskare ya zama ƙanƙara, har mutum ya taka ya wuce. Ƙwari su ɓace, ciyawa ta shige ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Tsuntsun da ke cin ƙwari ko tsiron ruwa ba shi da abinci, dole ya tafi cin rani.

Daga watan Agusta zuwa Oktoba suke tasowa. Suna ƙetare teku da hamadar Sahara, tafiyar fiye da kilomita 4,000. A cikinsu akwai agwagin ruwa, da tsattsewa, da wani ɗan tsuntsu mai ruwan ɗorawa a ciki, wanda ke bin shanu yana kaɗa jela. A watan Maris ko Afrilu sai su koma gida su yi ƙwai.

A da, Turawa ma ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba. A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa a ƙasar Jamus, sai ga kibiyar Afirka soke a wuyanta. Da ita ta yi wannan doguwar tafiya. Har yau tana ajiye a jami'ar garin Rostock. Gani ya kori ji.

Yadda ake ɗaukar hoton

Mai ɗaukar hoton namun daji maharbi ne, sai dai ba ya zubar da jini. Maharbin ƙasar Hausa yakan ɗaura kan burtu ya sunkuya, don nama ya ɗauka tsuntsu ne ke kiwo. Shi kuwa mai hoto ƙaramar bukka yake kafawa a bakin ruwa. Yakan shiga tun kafin asuba, ya zauna shiru, wani lokaci har yini guda. Ba tari, ba motsi. Idan dabba yake nema, kamar kyarkeci ko barewar ƙasar ƙanƙara, sai ya lura da iska, kada ta kai mata ƙanshinsa.

Kyamararsa tana da dogon baki mai jawo abu na nesa ya zo kusa. Saboda nauyinta, akan ɗora ta a kan ƙarfe mai ƙafa uku. Sanyi yana saurin cinye batir, don haka yakan ɓoye wani a cikin rigarsa, ɗumin jiki ya riƙe shi. Yatsu kan ƙage har danna maɓalli ya zama aiki. Amma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can ƙuryar arewa, sai ya samu haske dare da rana. A lokacin ne tsuntsaye ke kan ƙwai. Mai hoto na kirki ba ya matsawa kusa da sheƙa, domin idan uwa ta firgita ta tashi, sanyi zai kashe ƙwan.

Amfanin hoton

Ba don ado kawai ake wannan wahala ba. A shekarar 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmark, mai suna Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Yanzu akwai zobba masu launi da manyan haruffa, waɗanda kyamara ke iya karantawa daga nesa. Idan an ɗauki tsuntsu a Turai, aka sake ɗaukarsa a Nijeriya da lamba ɗaya, an san hanyarsa ke nan ba tare da an kama shi ba.

Hoto yana kuma taimakawa wajen ƙidaya. Tun 1967 ake ƙirga tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa a kowane watan Janairu. Garken da ya tashi sama ba ya ƙirguwa da ido, amma a hoto ana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Babban masaukin waɗannan baƙi a arewacin Nijeriya shi ne fadamar Haɗeja da Nguru. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarci Dagona a 1989 saboda su. Wani kaso na ruwan da ke cika wannan fadama daga kogunan ƙasar Kano yake gangarawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke isa can ta ragu. Idan masauki ya bushe, baƙo ya shiga wahala, haka ma masunta da makiyayan wurin.

Abin da ya shafi manomi

Ba kowane tsuntsu ne ɓarawon hatsi ba. Jan baki shi ne mai cinye gero da shinkafa, kuma ɗan Afirka ne. Tsattsewa da ɗan tsuntsun nan mai bin shanu ƙwari suke ci. Wanda ya zuba guba a bakin ruwa ya kashe masu taya shi aiki, ya kuma jefa dabbobinsa da iyalinsa cikin haɗari.

Yau wayar hannu mai kyamara ta shiga ƙauyuka. Wanda ya ga tsuntsu da zobe a ƙafa kada ya tsorata, ba sihiri ba ne. Ya ɗauki hotonsa. Ya rubuta lambar, da ranar, da sunan wurin, ya kai wa malamin gona. A kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis, wadda ke aiki da irin wannan bayani. Ga amfanin iya karatu da rubutu.

Idan kuwa mataccen tsuntsu aka tarar, kada a taɓa shi da hannu, kada a ci, kada a bar kaji su kusance shi. Murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya a 2006, ta hallaka kaji masu yawa. A sanar da malamin dabbobi nan da nan.

Baƙo raɓa ne. A bar shi ya ci ƙwarinsa, ya koma gida lafiya, baɗi ya dawo.