Kunya Ce Ko Ciwo? Yadda Ake Gane Fargabar Shiga Jama'a

A shekarar 1980 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya tsoron shiga jama'a cikin kundinta na cututtuka, wato DSM, a matsayin lalura mai zaman kanta. Mai fama da ita ba ƙin mutane yake yi ba. Tsoro yake ji kada a zuba masa ido a ga gazawarsa: gabansa ya riƙa dukan uku-uku, gumi ya karyo masa, murya ta kama rawa, har ya gwammace ya rasa aiki da ya tsaya gaban taro. Galibi tana farawa ne wajen shekara 13, kuma a Amurka takan taɓa kusan mutum 7 cikin 100 a shekara.

Wahalar tana wajen awo. Ma'aunin da likita Michael Liebowitz ya fitar a 1987 ya jero yanayi 24, ana tambayar mutum yawan tsoron da yake ji a kowanne da yadda yake kauce masa. A ciki akwai cin abinci a bainar jama'a, da magana da shugabanni, da kallon baƙo ido cikin ido. To, a kawo wannan takarda Katsina ko Damagaram. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban dattijo, da angon da ba zai ci abinci gaban surukansa ba, duk makinsu zai iya hawa, alhali lafiyarsu ƙalau. Tarbiyya ce suka nuna.

Japan ce ta fi fito da wannan giɓi fili. Tun farkon ƙarni na 20 likita Shoma Morita, wanda ya rasu a 1938, ya bayyana wata lalura da suke kira taijin kyofusho. A nau'inta mai tsanani, damuwar majiyyaci ba ta tsaya kan kada ya ji kunya ba. Tsoronsa shi ne kada ya takura wa wasu da kallonsa, ko warin jikinsa, ko jan da fuskarsa ke yi, ko siffarsa. An ga irinta a Koriya ma. Likitan da ya tambaye shi ko yana tsoron a yi masa dariya kaɗai, zai iya sallamarsa da ciwonsa. Shi ya sa bugun DSM na 2013 ya ƙara tsoron ɓata wa wasu rai cikin alamomin, ya kuma zo da tambayoyi 16 da ke sa likita ya fara jin yadda majiyyaci da danginsa suka fahimci matsalar. Sharaɗi ne kuma tsoron ya kai kimanin wata shida, ya zarce abin da al'adar mutum ta saba, ya kuma hana shi gudanar da rayuwarsa.

A wurinmu kuskuren ya fi yiwuwa ta ɗaya ɓangaren. Inda ake yabon kunya, ciwo yakan samu maɓoya. Yarinyar da ta daina zuwa makaranta don kada malami ya tashe ta karatu, sai a ce ai mai kunya ce. Saurayin da ya kasa shiga kasuwa ko zaman ɗaurin aure, a ce miskili ne, ko a ce iska ta taɓa shi.

Bambancin a fili yake ga mai lura. Kunyar tarbiyya ta san wurinta: tana zuwa gaban manya, tana sakin mutum cikin sa'o'insa, kuma ba ta hana shi neman na kansa. Ciwon kuwa yana bin mai shi ko'ina, yana hana shi abin da yake so. Yana da magani, ta hanyar zaman shawara da ke koya wa mutum tunkarar abin tsoron sannu a hankali, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi. Hakkin iyaye da malamai ne su tambayi yaro mai yawan shiru abin da yake ji, in kuma ya ce yana wahala, su kai shi asibiti.