Dilar Auduga da Ɗaurin Maniyyi

Wanda ya taɓa leƙa masana'antar gurzar auduga ta Sodecoton a Garwa ya ga yadda injin ke danne tulin auduga har ya koma dila, a ɗaure tam. Da haka take yin doguwar tafiya ba ta watse ba. Amma masaƙa ba ta da abin yi da ita sai an tsinke ɗaurin an baje. Irin wannan ɗauri ƙwayar maniyyi take yi wa kayan gadon uba.

Zaren gado, wato DNA, da ke cikin ƙwayar maniyyi guda ya kai kusan mita ɗaya, alhali tsawon kanta bai wuce kashi 5 cikin 1,000 na milimita ba. A sauran ƙwayoyin jiki, zaren yana naɗe ne a kan furotin mai suna histon, kamar zare a jikin mazari. Naɗin sako-sako ne, don jiki ya riƙa karanta saƙon. A cikin 'ya'yan maraina kuwa, yayin da maniyyi ke nuna, ana cire histon, wasu furotin na wucin gadi su riƙe wurin, sannan wani furotin mai suna furotamin ya karɓa. Friedrich Miescher ne ya gano furotamin a 1874, a cikin maniyyin kifin salmon na kogin Rhine a birnin Basel.

Ɗan Adam yana da furotamin iri biyu, P1 da P2, kusan daidai wa daida. Kan hanyar fita daga maraina, furotamin suna ƙulla kansu da juna ta ƙwayoyin farar wuta da ke jikinsu. Wannan ƙulli shi ne wayar da ke ɗaure dilar. Duk da haka akan bar histon kaɗan, wajen kashi 5 zuwa 15 cikin 100, da yawansu a kan sassan da ɗan tayi zai buƙata tun farko.

Kwancewa aikin ƙwan mace ne. Da maniyyi ya shiga, sinadarin gulutatayon da ke cikin ƙwan yana tsinke ƙullin farar wutar. Sai furotin mai suna nukiliyofulasmin, wanda Ronald Laskey da abokan aikinsa suka gano a ƙwan kwaɗo a 1978, ya taimaka wajen janye furotamin. Histon na uwa su maye gurbi, kan maniyyin ya kumbura, cikin 'yan sa'o'i rabon uba ya shirya haɗuwa da na uwa. A ɗakin bincike masana suna kwaikwayon wannan da sinadarai irin su hefarin, su ga wane furotin ya fita, wanne ya rage.

Idan P1 da P2 suka rasa daidaito, ko histon ya yi yawa, ɗaurin ya yi rauni, zaren ya riƙa karyewa. Zazzaɓi mai zafi da shan taba suna ƙara ɓarnar. Sakamakon yakan zama rashin samun ciki ko yawan ɓari.

Gwajin maniyyi na yau da kullum yawa da motsi da siffa yake dubawa, ba ya ganin ɗaurin. Don haka ana iya ce wa magidanci lafiyarsa ƙalau, dangi su ɗora wa matar laifi, har a fara zancen kishiya, alhali tun daga gida dilar ta taso da mugun ɗauri.