Wane Gwani Ne Zai Iya Ɗaukar Nauyin Wasanni Goma?

A gasar Olamfik da aka yi a birnin Paris cikin shekarar 1924, wani Ba'amurke mai suna Harold Osborn ya ci zinariya a tsallen sama, kana ya ƙara da wata a gasar wasanni goma, wadda ake kira dikatlon. Shekaru ɗari ke nan da ɗoriya, babu wanda ya sake haɗa kambin dikatlon da na wani wasa guda a Olamfik. Amma har yanzu masu horarwa na muhawara: cikin gwanayen guje-guje da tsalle-tsalle, wane ne ya fi dacewa ya bi sawunsa?

Ana yin gasar ce cikin kwana biyu. Ranar farko akwai gudun mita 100, da dogon tsalle, da jifan dalma, da tsallen sama, da gudun mita 400. Washegari sai gudun tsallake shinge na mita 110, da jifan faifai, da tsalle da sanda, da jifan mashi, a rufe da gudun mita 1,500. Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga cewa fiye da rabinsa ya dogara ne ga sauri da ƙarfin zabura. Mai jifa yana da wasanni uku, amma nauyin jikinsa kan zame masa kaya wajen gudu. Mai dogon zango kuwa wasa ɗaya kacal gare shi, shi ma na ƙarshe.

Saboda haka hankali ya fi karkata ga masu tsallake shinge da masu dogon tsalle. A birnin Lyon, a unguwar La Duchère, akwai babban zauren wasanni da ke ɗauke da sunan Stéphane Diagana, wanda ya kafa tarihin Turai a gudun shinge na mita 400 a 1995, da daƙiƙa 47.37. Wannan wasa nasa shi ne mafi kusanci da dikatlon, domin ya haɗa sauri da juriya da iya lissafin taku. Karsten Warholm na Norway, mai riƙe da tarihin duniya a cikinsa, daga dikatlon ya fito. Ashton Eaton na Amurka, zakaran Olamfik sau biyu a dikatlon, da ya gwada shi a 2014 ya yi daƙiƙa 48.69. Haka nan Simon Ehammer na Suwizalan ya yi tsallen mita 8.45 a tsakiyar gasar dikatlon a 2022.

Sai dai sauri kaɗai ba ya kai mutum gaci, kamar yadda aka gani a filin Stade de France a Olamfik ta 2024. Damian Warner na Kanada, wanda ya je kare kambinsa, ya kasa tsallake mita 4.60 da sanda har sau uku, ya tashi babu maki ko ɗaya a wasan, daga nan ya janye. Markus Rooth na Norway ne ya ci zinariya da maki 8,796. Shi ma Bafaranshe Kevin Mayer, lokacin da ya kafa tarihin duniya na maki 9,126 a Talence a 2018, sai da ya haura mita 5.45 da sanda. Wasa ne da ake koyo tun ƙuruciya, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A nan ne batun ya shafi Afirka. Nijeriya na da gwanayen shinge da dogon tsalle, irin su Tobi Amusan da Ese Brume a ɓangaren mata, waɗanda tasu gasar ta wasanni bakwai ce. Larbi Bourrada na Aljeriya ya zo na biyar a Rio a 2016 da maki 8,521. Basira dai akwai ta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanduna, da katifun sauka, da malaman da za su koya wa yaro mai sauri sauran wasannin tara kafin lokaci ya ƙure masa.