Ɗigon Shuɗi da Jarka Ruwan Ɗorawa

Ka tsaya a kasuwar Funtuwa lokacin da manoma ke rububin sayen taki, ka kasa kunne. Da wuya ka ji wani yana karanta dogon sunan kamfanin da ke jikin buhu. Launin buhun da zanen jikinsa ake kwatantawa. Haka uwargida ke aiken yaro ya sayo magi mai tauraro, haka tsohuwa ke laluben lema ko tsintsiya a takardar ƙuri'a. A ƙasar Hausa, tambarin da baki bai iya kiransa "mai kaza" ba, bai shigo gari ba tukuna.

To ina hukumar ruwa ta tsaya a nan? Wani zai ce ai ba ta da abokin gasa, me za ta yi da tambari? Tana da su, har sun yi mata yawa: masu rijiyar burtsatse, kamfanonin fiya wata, da 'yan ga-ruwa. Hukumar Ruwa ta Jihar Katsina ce ke da alhakin kai wa Funtuwa ruwa daga madatsun Mairuwa da Gwaigwaye, Malumfashi kuma daga tata madatsar. A 2021 Bankin Duniya ya amince da shirin SURWASH na dala miliyan 700 ga jihohi bakwai, har da Katsina, kuma cikin manufofinsa akwai ƙarfafa hukumomin ruwa su iya riƙe kansu. Wanda zai riƙa buga ƙofar mutane yana neman kuɗin ruwa kuwa, dole a san fuskarsa.

A bakin zaure aikin tambari yake. Mutum ya yi sallama da takarda a hannu, ya ce daga ofishin ruwa yake. Maigida ya gyara tabarau, ya juya takardar. Idan alamar da ke kanta ita ce a katin wuyan mutumin, ita ce a ƙofar motarsu, ita ce kuma yake gani kullum a jikin tankin unguwa, zai sa hannu a aljihu. Idan kowanne da kalarsa, sai ya ce, "Malam, a dawo gobe." Kuma bai yi laifi ba, don 'yan damfara ma sun iya buga rasit.

Yawancin hukumomin ruwa ɗigo mai launin shuɗi suke zaɓa. Ni dai ina ganin wannan lalaci ne, don kusan kowace ledar fiya wata ɗigon nan take ɗauke da shi, har mai saye ya daina kallonsa, lambar NAFDAC yake dubawa in ya damu. Sannan mai zane da ke zaune gaban kwamfuta yakan manta inda zanensa zai ƙare. Zai zama hatimin roba da tawada kala ɗaya. Za a yi masa hoto a injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa. Mai fenti zai hau tsani ya kwaikwaye shi da buroshi a jikin tanki, rana ta dake shi, ƙurar hunturu ta rufe shi. Zanen da ke da inuwa-inuwa da ƙananan haruffan Turanci kewaye da shi ba zai kai bazara ta biyu ba. Sai mai layi kaɗan, mai kauri, wanda yaro zai iya zanawa da gawayi, a kuma sa masa suna da Hausa.

Sauya suna kuwa ba ya sauya bakin jama'a. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, KEDCO ta karɓi rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa a 2013. Yau ma in an kawo wuta a Malumfashi, "NEPA!" yara ke ihu.

Tambayi waɗannan yaran su zana maka ruwa. Da yawansu ba famfo za su zana ba. Kura za su zana, an jera mata jarkoki ruwan ɗorawa masu cin lita ashirin da biyar, irin waɗanda aka gama sayar da man girki a ciki, ga mai ga-ruwa ya duƙa yana turawa. Babu wanda ya biya mai zane ko sisi a kan wannan, amma daga ƙarshen layi ake hango ta, a leƙo a ce, "Mai ruwa, kawo biyu."