Allurar Da Ke Tsakanin Tsohuwar Mota Da Bugawar Inji

Wani yammaci cikin watan Afrilun 2023, ina ofis ina duba takardun jarrabawar ɗalibai, sai direban da ke jan tsohuwar akori-kurata ya bugo waya. Na aike shi ne ya kai taki gona kafin faɗuwar damina. Muryarsa kaɗai ta ishe ni labari. "Malam, mota ta tsaya, farin hayaƙi ke fita ta gaba." Na tambaye shi abin da gejin zafi ya nuna kafin ta tsaya. Ya yi jim, sannan ya ce, "Ai Malam, gejin nan ya fi shekara biyu a mace." Gaskiya ya faɗa, kuma laifin nawa ne, domin ni na yi ta cewa za a gyara idan an yi albashi.

Da aka jawo motar gareji aka buɗe inji, sai aka tarar gasket ya ƙone, kan injin kuma ya lanƙwashe. Bakaniken, wani dattijo da ya daɗe yana duba mini mota, ya ɗago wani guntun tiyo ya nuna mini. "Dakta, ga abin da ya jawo. Nan ya tsage, ruwa ya riƙa zuba sannu a hankali. Da allura na aiki, da yaron nan ya ga ta hau tun ruwan bai ƙare ba." Gyaran ya lashe mini abin da ya kusa albashin wata biyu, takin kuma bai isa gona ba sai bayan shuka.

Na kawo wannan labari ne saboda ba ni kaɗai ba ne. Wanda duk ya san kasuwar hatsi ta Dawanau, ko ya ga yadda ake lodin albasa a Aliero da tumatir a Kadawa, ya san cewa tsofaffin motoci ne ke ɗauke da cinikin Arewa: akori-kura ƙirar 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da tsofaffin Hilux, da manyan motocin katako irin su Mercedes 911. Da yawansu sun girmi direbobinsu. Idan mai karatu ya leƙa gaban direba a cikin irin waɗannan motoci, sau da yawa zai ga allurar zafi kwance, wani lokaci ma an manna hoto a kanta. Direba ya dogara da hancinsa da kunnensa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai ido ba ya ganin abin da ke cikin ƙarfe, kuma kafin hanci ya ji ƙauri, aikin gama ya gama.

Dalilin haka a fili yake. Daga ƙarfin da ke cikin man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke juya taya. Wani kason yana fita ta salansa, saura kuma zafi ne da ruwa ke kwashewa ya kai lagireto iska ta huce shi. Yawancin tsofaffin injuna suna jin daɗin aiki ne tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos. Marfin lagireto mai matsi na ba 0.9 yana hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 118, amma idan robar marfin ta mutu, ko tiyo ya tsage, wannan kariya ta tafi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, mota mai lodi da ke hawa tudu irin Hawan Kibo tana iya cinye ɗan ratar da ya rage cikin mintuna kaɗan. Geji shi ne abin da zai faɗa wa direba cewa ratar na ƙarewa.

To, wanda ya yi niyyar sa sabo, me zai saya? Geji iri biyu ne a kasuwa, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna. Na farko ba ya bukatar lantarki sai don fitilarsa. Yana da wani siririn bututun ƙarfe da ya taso daga bayansa ya ƙare da ɗan kai mai ɗauke da ruwa mai saurin zama tururi. Idan inji ya yi zafi, tururin ya matsa, allura ta motsa. Amfaninsa shi ne ba ruwansa da ruɓaɓɓun wayoyin tsohuwar mota, kuma yana ci gaba da nuna zafi ko an kashe inji. Aibinsa kuwa, bututun nan ba a yanka shi, ba a karya shi. Ranar da ya huje, gejin ya tashi daga aiki ke nan.

Na biyu mai lantarki ne. Ana ɗaura wani ɗan ƙarfe da bakanikai ke kira sensa a jikin inji, waya guda ta taso daga gare shi zuwa geji. Gwargwadon yadda sensa ya yi zafi, gwargwadon yadda yake barin wuta ta wuce. Ya fi sauƙin sawa, amma yana da sharuɗɗa biyu da ake yawan takewa. Na ɗaya, geji da sensa abokan juna ne, tare ake sayensu. Idan aka haɗa gejin wani kamfani da sensan wani, allura za ta motsa amma ƙarya za ta riƙa faɗa. Na biyu, ƙananan motoci suna aiki da bolt 12, yawancin manyan motocin dizal kuwa bolt 24, kuma gejin 12 ba ya jure 24.

Ko wanne aka zaɓa, a nemi mai lambobi, kada a ɗauki mai launin shuɗi da ja kawai. A kuma lura da ma'aunin da aka rubuta. Gejin da aka yi domin kasuwar Amurka da Faranhait yake ƙirga, inda 180 ke daidai da 82 namu, 212 kuma daidai da 100. Direban da bai san haka ba zai tsorata a banza, ko ya saki jiki a inda bai kamata ba. Faɗin da aka fi samu shi ne milimita 52. Kafin a biya kuɗi ko kafin a ɗaura, akwai gwaji mai sauƙi: a tsoma kan gejin cikin ruwan da ke tafasa. A bakin teku ruwa na tafasa a digiri 100, a Kano wajen 98, a Jos kuwa wajen 96 saboda tudu. Gejin da ya nuna 85 a cikin tafasasshen ruwa, a mayar wa mai shi. Arha ba ta ado.

Wurin ɗaurawa shi ne rabin aikin. Inda ya fi dacewa shi ne kan inji, ko gidan tamostat ta ɓangaren inji, wato inda ruwa ya fi zafi kafin ya fita. Wasu sukan yanka tiyon sama na lagireto su sa mahaɗi a ɗaura a nan domin sauƙi. Illar haka ita ce, idan tamostat ya maƙale a rufe, ruwan zafi ba zai iso tiyon ba, geji zai nuna lafiya alhali inji na dahuwa. Idan kuma motar tana da kwamfutar da ke sarrafa mai, kada a cire sensanta na asali a sa sabo a gurbinsa, domin da shi take auna man da za ta ba inji. A nemi wata kafa.

Sai batun tiredi, inda ƙaramin sani ke zama ƙuƙumi. Yawancin gejin kasuwa suna zuwa da tiredin Amurka na 1/8 NPT, mai zare 27 a inci guda. Injunan Japan da dama suna da na 1/8 BSPT mai zare 28, na Turai kuma da milimita suke, kamar M14 x 1.5. Bambancin 27 da 28 ido ba ya ganinsa, zai shiga zagaye biyu sannan ya cije, wanda ya matsa da sifana kuma ya ɓata ramin ko ya tsaga ƙarfen. A sayi mahaɗin da ya dace, a fara murɗawa da hannu. A kuma tabbatar kan sensa ya nutse cikin ruwan, bai maƙale a cikin mahaɗi ba.

Ana yin aikin ne inji na sanyi, bayan an cire kan batir an rage ruwa. Sensa mai waya guda ta jikin inji wutarsa ke komawa batir, saboda haka idan aka naɗe tiredinsa da farin tef ɗin masu aikin famfo har ya yi kauri, allura ba za ta faɗi gaskiya ba. Ɗan man like kaɗan ya wadatar. Wutar geji a ɗauko ta daga layin da makulli ke kunnawa, a sa mata fiyus. Waya ko bututu su bi nesa da salansa da fanka da fanbel, a kuma sa roba a ramin da suka ratsa bangon da ke tsakanin inji da direba, kada ƙarfe ya ci su. Bayan an mayar da ruwa, a bar inji ya yi aiki har iskar da ta shiga ta fita, a duba yoyo. Gejin kansa a kafa shi inda idon direba zai faɗa kansa ba tare da ya sunkuya ba.

Abin da ya saura shi ne karatu, domin geji rubutu ne, kuma rubutu ba ya amfanar wanda bai iya karanta shi ba. Direba ya san inda allurar motarsa ta saba tsayawa. Idan ta fara wuce nan ta doshi 100, ya rage gudu ya nemi wurin tsayawa. Idan ta haura 105 tana ci gaba, ya tsaya. Kada ya buɗe marfin lagireto sai ya huce, domin tafasasshen ruwan da ke ƙarƙashin matsi ya ƙona fuskoki da yawa. Abu mafi ruɗi kuma shi ne allurar da ta hau sannan ta faɗo ba dalili. Wannan sau da yawa alama ce ta cewa ruwa ya ƙare, sensa na rataye a iska. Haka nan allurar da ba ta wuce 60 ko an yi doguwar tafiya tana nuna an cire tamostat, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu, wadda ke ƙara shan mai da cin inji.

Ina ganin ƙungiyoyin direbobi da na masu motocin haya, irin su NURTW da NARTO, za su yi wa mambobinsu babban alheri idan suka mayar da gejin zafi mai aiki sharaɗin yin lodi a tasha. Mu kuma masu motocin, mu daina jiran albashi. Akori-kurata tana nan tana aiki, da sabon geji a gaban direba. Duk ranar da zai tashi, tambayata ta farko ita ce inda allura ta tsaya jiya, kuma yanzu da lamba yake ba ni amsa. Allah ya kiyaye hanya.